Kantin tsofaffin tambur a Filato: abin da yake nunawa game da Diori Hamani da abin da yake ɓoyewa

A unguwar Filato ta Yamai, ba nisa da gidan tarihi na Boubou Hama, akwai wani ɗan kanti mai ƙofar ƙarfe ruwan toka inda wani dattijo ke sayar da tsofaffin tambur, hotuna, jaridu da takardun zamanin samun 'yancin kai. Babu allo a bakinsa, sai benci da butar shayi a kan gawayi. Ni malamin tarihi ne a wata kwaleji a Tawa, kuma abin da ya kai ni wurin shi ne neman abin da ɗalibaina masu shirin jarrabawar kammala kwaleji ta BEPC za su riƙe da hannunsu in mun zo darasin Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. Yaran sukan haddace shekarar haihuwarsa, shekarar 'yanci da shekarar juyin mulki, su zuba a takardar jarrabawa, shi ke nan. Ga mafi yawansu Diori sunan filin jirgin sama ne kawai.

Kantin ya cancanci kuɗin taksi, har ma ya cancanci mutum ya taso daga Tawa dominsa. Amma akwai abubuwan da suka ɓata mini rai a ciki, kuma zan faɗe su yadda suke.

Mai kantin tsohon ma'aikacin gidan waya ne, Bazabarme, amma Hausarsa ta zauna daram. Yana ce mini Mushe, ina ce masa Baba. Dokarsa ta farko ita ce ba a taɓa tambur da yatsa. Yana da 'yar matsefata da yake ɗaga su da ita, da gilashin ƙara girman abu wanda aka ɗaure mariƙinsa da zare saboda ya tsage. In ka miƙa hannu da gaggawa sai ya janye littafin ya dube ka, ba zai ce uffan ba, kai da kanka za ka mai da hannunka. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya shirya littattafan tambur ɗin. Masu tara irin wannan kaya sukan jera su shekara bayan shekara. Shi kuwa ya jera nasa bisa ga wanda Nijar ke hulɗa da shi: ga na Faransa, ga na maƙwabta, ga na Najeriya a ware, ga na Larabawa, ga na Kanada. Da na tambaye shi dalili sai ya ce, "Mushe, tambur wasiƙa ce gwamnati ke aika wa duniya. In kana son ka san abokan mutum, duba waɗanda yake rubuta wa." Wannan shiri kaɗai ya fi mini darussa da yawa da na sha a makarantar horon malamai.

Ya fara da hoton Diori yana saurayi, ya ba da tarihinsa a gurguje, kuma ban kama shi da kuskure ba. An haife shi a 1916 a Sudure, bakin kogi kusa da Yamai. Ya yi makarantar William Ponty a Senegal, ya koyar a Yamai da Maraɗi, aka kai shi Paris yana koyar da Hausa da Zabarmanci ga Faransawan da ake shiryawa su zo su mulki ƙasashenmu. Wannan gaɓa nakan tsaya a kanta, domin mutumin da ya taɓa gyara wa kwamandan baki a aji ba zai ji tsoron zama da shi a teburi ɗaya ba. A 1946 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA, gamayyar jam'iyyun ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka, mai alamar giwa, kuma a shekarar aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. Ya faɗi zaɓe a 1951 ya koma makaranta, ya dawo a 1956, a 1957 ya zama ɗaya daga cikin mataimakan shugaban majalisar. Ranar 18 ga Disamba 1958 aka kafa Jamhuriya da shi a kan gwamnati.

Daga nan Baba ya ɗauko tambur huɗu masu zane iri ɗaya ya jera su a kan farin ƙyalle: na Kodibuwa, na Dahome (Benin ta yau), na Hot Bolta (Burkina Faso ta yau) da na Nijar. An fitar da su ne a 1960 don cikar Majalisar Antant, ƙungiyar haɗin kan ƙasashen huɗu, shekara ɗaya, wadda aka kafa a Abijan ranar 29 ga Mayu 1959. Da su ya bayyana mini abin da na daɗe ina fama in sa yara su gane. Ƙasashen huɗu tare suka je wa Faransa da buƙatar 'yanci, ƙarƙashin jagorancin Hufwet Bwanyi na Kodibuwa, kuma suka ce a ba su 'yancin tukuna, yarjejeniyar hulɗa ta biyo baya. Shi ya sa ranakun suka zo a jere: Dahome 1 ga Agusta, Nijar 3, Hot Bolta 5, Kodibuwa 7. Ranar 20 ga Satumba Nijar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma yana da tambur ɗin wannan ma. Yarjejeniyoyin da Faransa sai ranar 24 ga Afrilu 1961 aka sa musu hannu. A cikinsu akwai ta tsaro, mai ɗauke da sharaɗin cewa Faransa ce ke da fifiko a kan ma'adinai masu muhimmanci, har da uraniyum. Hot Bolta ta ƙi shiga wannan ta tsaron, Nijar ta shiga.

A nan ne nake da ra'ayi, kuma kantin ya ƙara mini ƙarfinsa. Ba a fahimtar siyasar waje ta Diori sai an tuna irin ƙasar da aka miƙa masa. Ba teku, ba titin jirgin ƙasa, abin sayarwa gyaɗa da dabbobi, waɗanda suka gama jami'a ana ƙirga su da yatsu, kasafin kuɗi sai Faransa ta cika. Ya yi abin da ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ke yi a kasuwar Tawa ranar Lahadi: ba ya faɗa da babban dillali, amma kullum idonsa na kan wani mai saye na biyu, don kada a karya masa farashi. Duk shafin da Baba ya buɗe, abin da nake gani ke nan.

Wahalar rashin teku ta fito fili a rikicin tsibirin Lete. A ƙarshen 1963 dangantaka ta ɓaci da Dahome, Nijar ta kori 'yan Dahome da ke aiki a ofisoshinta, ita kuma Dahome ta toshe hanyar kayan da ke fitowa daga tashar Kwatano. Ta cikin Antant aka lallaɓa wutar ta lafa, amma maganar tsibirin ba ta mutu ba sai a 2005, da kotun duniya ta Heg ta ce na Nijar ne. Wanda ya ga yadda farashin kaya ya yi tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Littafin Najeriya shi ne zinariyar kantin, kuma a kansa muka fi daɗewa har shayi ya huce. A ciki akwai shafukan jaridar Le Temps du Niger na watan Yulin 1968, masu labarin taron sulhun yaƙin Biyafara da aka yi a nan Yamai. Takardar ta yi ja, gefenta ya kakkarye, amma ana karantawa. Yaƙin ya fara a 1967. Faransa ta De Gol ta karkata wajen Biyafara. Kodibuwa da Gabon sun amince da ita a matsayin ƙasa a 1968, haka Tanzaniya da Zambiya. Wato uban gidan Diori na Paris da babban yayansa na Abijan duk suna gefe guda. Shi kuwa ya tsaya tare da gwamnatin Legas, ya ce Najeriya ta zauna ɗaya, kuma bai sake ba har aka gama yaƙin a 1970. Yana cikin shugabanni shida na kwamitin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa, tare da na Habasha, Gana, Kamaru, Kwango Kinshasa da Laberiya, Sarki Haile Selasi na jagoranta. Gowon, shugaban Najeriya, ya zo Yamai, Ojukwu, jagoran Biyafara, ma ya zo, daga nan aka ɗauki tattaunawar zuwa Adis Ababa. Ba a tsai da yaƙin a Yamai ba, amma ƙaramin garinmu na wancan lokaci shi ne wurin da ɓangarorin biyu suka yarda su taka.

Me ya sa ya ɗauki wannan kasada? Baba ya ce zumunci, ni na ce zumunci da lissafi. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi, jirgin ƙasa ya kai ta Legas. Mu mutanen Adar mun san cewa tsakanin Ƙwanni da Illela gona ɗaya ce aka ja wa layi. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa yarda cewa zuwa Sakkwato fita ƙasar waje ba ne. Ƙasar da ke da Hausa, Zabarmawa, Buzaye, Fulani, Barebari da Tubawa a cikinta kuma ba ta da ribar da za ta ci in aka fara yanka ƙasashe bisa ƙabila. Diori ya ga wannan duka ya zaɓi maƙwabci a kan uban gida, ya kuma san Paris ba za ta manta ba. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, mai mazauni a Yamai, wadda ke nan har yau. Wanda duk zai kira Diori ɗan amshin shatan Faransa, sai ya fara bayyana mini wannan shafi.

Kuma an kira shi hakan a gabana. Muna cikin littafin Kanada wani saurayi ɗalibin jami'a ya shigo neman hoton Djibo Bakari, jagoran jam'iyyar Sawaba mai adawa da Diori. Da ya ji muna maganar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci sai ya ce, "Baba, ai wannan ita ce igiyar da ya ɗaure mu da ita." Baba bai yi fushi ba. Ya ce masa, "Zauna, ɗana, ka ji wanda ya biya kuɗin igiyar." Gaskiya ne a Yamai aka haifi ƙungiyar: taron farko a Fabrairun 1969, na biyu ya kafa hukumarta ta ACCT ranar 20 ga Maris 1970 da ƙasashe 21, Diori na cikin iyayenta tare da Senghor na Senegal da Burgiba na Tunisiya. Amma a zauren taron rigima ce ta kaure tsakanin Faransa da Kanada. Paris na son yankin Kebek ya zauna da sunansa, Otawa ta ce ƙasa ɗaya kujera ɗaya. Diori, mai masaukin baƙi, ya ƙi wulaƙanta Kanada don faranta wa Faransa, aka samo tsakiya: yanki na iya shiga a matsayin gwamnati mai halarta in ƙasarsa ta yarda. Kuɗin Kanada ne suka shimfiɗa Hanyar Haɗin Kai daga Gure zuwa Ngigmi. Ga mai saye na biyu ke nan. Saurayin bai gamsu ba, ya ce ko ma mene ne, a Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar kuma bai ga wanda ya yi kuka ba. Ni ban ga laifinsa ba. Ana iya yarda da ficewar yau a kuma yarda cewa a 1970 mutumin ya yi ciniki mai kyau da abin da ke hannunsa. Abin da na yaba shi ne kantin wuri ne da ake irin wannan gardama a zaune, ana miƙa wa juna kofin shayi.

Shafi na ƙarshe na uraniyum ne. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971. Akwai hoton zuwan shugaban Faransa Pompidou Yamai a Janairun 1972. Bayan farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Diori ya ce a sake duba kuɗin da ake biyan Nijar. A farkon wannan shekara ya riga ya yanke hulɗa da Isra'ila, a 1974 ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya. A watan Maris 1974 tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna ta zo Yamai, aka tashi ba a daidaita ba. Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Ranar 15 ga Afrilu sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnati, aka kashe uwargidansa Aisa a daren, sojojin Faransa da ke Yamai ba su motsa ba. Diori ya yi shekaru a tsare a Damagaram, sannan ɗaurin talala a Yamai, ya rasu a Rabat ta Maroko a 1989. Da Baba ya kawo nan sai ya rufe littafin ya ce, "Uraniyum ne ya ci shi, Mushe." A nan ra'ayinmu ya rabu.

Wannan rabin magana ce, kuma shi ne babban aibin kantin. Duk abin da ke kan teburi na Diori ne mai tafiye-tafiye, wanda ke sulhunta shugabanni, wanda ya shugabanci OCAM, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wanda ya zagaya biranen Turai yana kare farashin gyaɗa a madadin ƙasashen Afirka kafin yarjejeniyar Yawunde ta biyu a 1969. Diori na cikin gida ba ya nan. Babu hoto ko ɗaya na farin da ya fara tun 1968 ya kai maƙura a 1973, lokacin da makiyayan Azawak suka gangaro Tawa ba raƙumi ba akuya. A gidanmu har yau in tsofaffi suka tuna shekarar sai murya ta sauka. Mutane na mutuwa ana zargin manyan jam'iyya da karkatar da hatsin agaji, ɗalibai na yajin karatu, jam'iyya ɗaya ce tilo, kuma fuskokin da ke sama, su Boubou Hama a majalisa da Diamballa Maiga a ma'aikatar cikin gida, ba su canza ba tun farko. Ba a yi wa sojoji bore ba ranar da suka fito. Kuma Kountché da ake cewa Faransa ce ta turo shi, bai daɗe ba ya ce sojojinta su kwashe kayansu. Wanda ya ce uraniyum kaɗai, ya sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi.

Sai maganar Sawaba. Saurayin nan ya fita hannu wofi, domin babu hoton Djibo Bakari a bango ko a littafi. Mutumin da ya zama magajin garin Yamai na farko a 1956, ya jagoranci gwamnati a 1957, ya ce a'a ga De Gol a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, a kan zama cikin tarayya da Faransa. Masu i suka ci da kimanin kashi 78 cikin ɗari, da hannun gwamnan Faransa Colombani a ciki dumu-dumu. Aka haramta Sawaba a 1959. Bayan hare-haren 'yan Sawaba na 1964 an harbe mutane a bainar jama'a, an cika gidajen kaso, a 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idin babbar salla ya tsira. Ba za a ba da labarin 'yancin Nijar a tsallake wannan ba, tun ba yanzu da titin De Gol na Yamai ya koma titin Djibo Bakari a Oktoban 2024. Da na matsa masa, Baba ya ce, "Mushe, wanda ya ajiye takardar Sawaba a wancan zamani, kurkuku ya ajiye a ɗakinsa." Wannan hujja ce, na karɓa. Amma da na ƙara matsawa sai ya shiga ciki ya fito da gwangwanin madara, ya zaro wani kati da ya naɗe a leda, mai hoton raƙumi, alamar Sawaba, tawadar ta kusa gogewa, an kankare sunan mai shi da reza. Ya ce ba na sayarwa ba ne. Ban nemi ya sayar ba. Abin da nake so shi ne ya sa shi cikin gilashi a bango kusa da giwa, yara su ga cewa hanya biyu aka shimfiɗa wa ƙasar nan a 1958, kowace da mutanenta masu kishi.

Aibi na biyu na ciniki ne. Wasu hotunan da jaridun fotokofi ne da aka buga a takarda mai kauri, kuma ba a rubuta a jikinsu ba. In ka tambaya zai gaya maka gaskiya, amma in ba ka tambaya ba, ba zai fara ba. Farashi ma ba a rubuce yake ba, yana hawa yana sauka da irin rigar da ka sa. Tambur na yau da kullum daga dala ashirin ne zuwa dala ɗari, waɗanda ba a cika samu ba suna kai jika biyu ko fiye, fotokofin shafin jarida dala hamsin. Ni na biya jika uku a kan tambur huɗun Antant, kuma ban ga tsada ba. Ba ya ba da takardar shaidar saye, wanda zai wahalar da malamin da ke son makaranta ta mai da masa kuɗinsa.

Na uku ya fi damuna ko da yake ba na zargin kowa a kansa. Rufin kwanon yana yoyo ta kusurwar gabas, jaridun na cikin kwalayen sabulu a ƙasa, na ga hanyar gara a jikin bango. Da ya ɗaga wani ƙunshi na 1969 sai gefensa ya zube gari a kan gwiwarsa. Ya kakkaɓe bai ce komai ba.

A aji na jera tambur huɗun a kan teburi, na rubuta ranakun huɗu a allo, ban yi bayani ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, don me kwana biyu-biyu?" Daga tambayarta muka shiga Antant, muka fito ta Biyafara, muka yi gardamar i da a'a har aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi. Na raba su gida biyu, giwa da raƙumi, kuma 'yan raƙumi sai da baki suka yi nasu, ba su da takarda ko ɗaya da za su ɗaga.

Wanda zai je ya je da hantsi, domin bayan azahar Baba kan rufe sai la'asar, ranar Juma'a kuwa ba ya buɗewa. Ya tafi da jakar leda mai tauri ta sa takardu, da canji ƙanana. Ya tambayi kowane abu ko na asali ne ko kofi kafin a yi ciniki, ya nemi a buɗe masa littafin Najeriya ko da ba zai sayi komai a ciki ba, kuma ya tambayi gwangwanin madara. Na yi wa Baba maganar ɗaukar hoton jaridun shafi-shafi da na'ura, ya ce ya yarda in za a yi a gabansa kuma a bar masa kofi. Malaman tarihi na Yamai da ke da na'urar, aikin bai fi ƙarfin mutum uku ko huɗu ba, kuma ya kamata a gama shi kafin ruwan Yuni ya sauka.